Kurciyar Da Ba Ta Karanta Taswira Ba

Duk littafin da aka wallafa don gane tsuntsaye yana da 'yar taswira a gefen hoton kowane tsuntsu. An shafa launi a kan ƙasashen da ake samunsa, an bar sauran duniya fari fat. Masu kallon tsuntsaye, mutanen nan da suke sammako da madubin hangen nesa rataye a wuya da ɗan littafin rubutu a aljihu, sun dogara da wannan taswira kamar yadda direba ya dogara da allon hanya. Sai dai ranar da suka fi so a rayuwarsu ita ce ranar da taswirar ta yi ƙarya, wato mutum ya ɗaga kai ya ga tsuntsu zaune a kan wayar lantarki a garin da littafi ya ce babu shi.

A ƙarnin da ya wuce babu tsuntsun da ya ƙaryata taswira kamar wata kurciya. Ba ta da wani ado na a zo a gani. Launinta toka-toka ne mai ratsin ƙasa, ta ɗan fi kurciyar da muka saba gani a tsakar gida girma, tana da baƙin layi a bayan wuya kamar sarƙar da ba ta zagayo gaba ba. Bari mu kira ta mai sarƙa. Masana suna ce mata Streptopelia decaocto, sunan da wani masani ɗan ƙasar Hungari, Imre Frivaldszky, ya raɗa mata a 1838. Kalmar ta biyu da Girkanci tana nufin goma sha takwas. Tatsuniyar mutanen wancan yanki ta ce wata 'yar aiki ce ake biyanta tsaba goma sha takwas kacal a shekara, ta kai kuka sama don duniya ta san irin cutar da ake yi mata, sai aka yi kurciyar da za ta riƙa maimaita lissafin a kan kowane reshe. Kukanta kashi uku ne, na tsakiya ya fi tsawo, kuma ba ta gajiya da shi.

Asalinta daga ɓangaren Indiya ne zuwa yammacin Asiya. A farkon ƙarni na ashirin, a duk faɗin Turai ba a samunta sai a yankin Balkan, inda Daular Usmaniyya ta taɓa mulka, shi ya sa har gobe Jamusawa da Faransawa suke kiranta kurciyar Turkiyya. Ta daɗe a nan ba ta motsa ba. Sai kawai a wajejen 1930 ta tasamma arewa maso yamma. Ta shiga Hungari, ta wuce Ostiriya, ta isa Jamus a daidai lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu yake ƙarewa, lokacin da mutane miliyoyi suke tsaye a bakin iyakoki suna neman takardar wucewa. Cikin shekara ashirin ta ci tazarar da ta haura kilomita 1,500. Ita ba mai ƙaura ba ce irin ta shamuwa da take zuwa da damina ta koma da rani. 'Ya'yanta ne suke tashi bayan sun yi fiffike, su yi nisa, su sauka, su kafa gida, nasu 'ya'yan su ƙara gaba. Ƙwai biyu take sakawa, amma takan yi sheƙa sau uku, sau huɗu, wani lokaci fiye da haka a shekara guda. Masana sun kawo dalilai iri-iri na wannan tashi, wasu sun ce wani canji ne a halittarta, wasu sun ce sauyin noma ne da yawaitar hatsin da yake zubewa a ƙauyuka, kuma har yanzu ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

A Ingila an yi ta jiran isowarta kamar jiran amarya. Wani fitaccen masani, James Fisher, ya bi sawunta ƙasa bayan ƙasa a wata doguwar maƙala da ya buga a 1953. Shekara guda kafin nan an ga namiji ɗaya a gundumar Lincolnshire, yana ta kuka shi kaɗai. Ba a sa shi cikin jerin tsuntsayen ƙasar ba, domin akwai 'yan kasuwa da suke shigo da irinsa a keji, ana tsoron ko daga hannunsu ya kuɓuce. Sai a 1955 da wasu biyu suka yi sheƙa a Norfolk, can bakin teku ta gabas, aka yarda cewa baƙuwa ta iso da fiffikenta. Doka ta ba ta kariya ta musamman. Mutane suka riƙa yin doguwar tafiya don su sa ta a ido. Ba a yi shekara talatin ba, sunanta ya koma cikin jerin tsuntsayen da aka yarje wa manomi ya harbe idan sun dame shi a rumbu ko a wurin abincin kaji. Yau ana lissafa su da ɗaruruwan dubbai a Birtaniya, kuma mafi yawan abin da ake faɗi a kansu shi ne kukansu yana hana barcin safe.

Tsuntsuwar ba ta canja ba. Gashinta, kukanta, abincinta, duk suna nan yadda suke a 1955. Abin da ya canja shi ne yawa. To me ya sa ɗaya ta zama abin murna, dubu suka zama abin haushi?

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mukan ɗauki maganar a matsayin nasiha ga baƙo da ya san matsayinsa, amma tana tona wani asiri game da mai masauki. Karamcinmu yana da sharaɗin da ba ma furtawa: muna shimfiɗa tabarma ne da sanin za a naɗe ta. Raɓa tana da daɗi domin hantsi zai shanye ta. Abin da mai sarƙa ta yi shi ne ta zama raɓar da ta ƙi bushewa. Mai kallon tsuntsaye da ya yi tafiyar awa biyar don ganin ta farko, idan muka matsa masa, za mu ga rabin abin da yake so ba kurciya ba ce. Yana son ƙarancinta ne, yana son ya zama cikin 'yan kaɗan da suka gani. Da ƙarancin ya tafi, sai soyayyar ta bi shi. Ba muna zargin waɗannan mutane ba ne, domin ba don rubuce-rubucensu ba da babu wanda zai iya ba da wannan labari. Hali ne na ɗan Adam gaba ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tarbar baƙo ranar farko da yadda ake kallonsa a wata na uku ya san shi.

Labarin Amurka ya ƙara wa tambayar nauyi. Can ba da fiffikenta ta je ba. A tsakiyar shekarun 1970 ɓarayi suka fasa wurin wani mai kiwon tsuntsaye a Nassau, babban birnin tsibiran Bahamas. Wasu kurciyoyi suka tsere, mai su ya saki ragowar, duka-duka ba su wuce hamsin ba. Daga nan suka tsallaka ruwa zuwa Fulorida. Abin mamaki, sun shafe shekaru suna yawo a gaban idon ƙwararrun masu kallo ba a gane su ba. Dalili kuwa shi ne akwai wata kurciyar keji mai kama da su da aka saba ganin ta tsere tana gararamba a biranen Amurka, kuma littafi bai ce akwai wata mai sarƙa a nahiyar ba sai ita. Saboda haka kowa ya gani sai ya ce ai 'yar keji ce, ya kawar da kai. Mukan ce gani ya kori ji, amma a nan ji ne ya kori gani. Sai a 1987 wani mai suna P. William Smith ya buga bayanin da ya warware zancen: waɗannan sun fi girma, gashin bakin fiffikensu ya fi duhu, ƙarƙashin wutsiyarsu toka ne ba fari ba, kukansu kuma kashi uku ne. Kafin a farga sun cika kudancin Fulorida. Cikin shekara talatin sun kai Kalifoniya, an gan su har Alaska.

Ita kuwa 'yar kejin da aka yi ta rikita su da ita, tamu ce. Jikanyar wata kurciya ce ta yankin Sahel, Streptopelia roseogrisea, wadda take zaune a busassun dazuzzukan ƙaya daga Muritaniya, ta Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi, har Sudan da gaɓar Larabawa. An daɗe da mayar da ita tsuntsuwar gida, aka bazu da ita duniya a keji, har farar kurciyar da masu dabo suke fitarwa daga hula a gaban 'yan kallo daga zuriyarta take.

A Turai ana ɗaukar mai sarƙa a matsayin wadda ta faɗaɗa gidanta da kanta. A Amurka sunanta 'yar mamaya. Dokar tarayya da take kare tsuntsayen ƙasar ba ta shafe ta ba, a jihohi kamar Tekas ana iya harbinta kowace rana ta shekara, kuma babu iyaka ga adadin da mafarauci zai kashe, alhali kurciyoyin asalin ƙasar suna da lokacin farauta da ƙayyadadden adadi. Jinsi ɗaya, hali ɗaya, hukunci biyu. Bambancin kawai shi ne hanyar isowa.

Shin hanyar isowa ta isa ta zama hujja? Masana tsuntsaye na Birtaniya suna da rukunai a jerinsu: rukunin A na wanda ya zo da kansa, C na wanda mutum ya kawo amma ya kafu yana hayayyafa ba tare da taimako ba, E na wanda ya tsere daga keji. Wannan tsari yana da amfani ga mai bincike, domin yana son ya san abin da halitta take yi idan an ƙyale ta. Matsalar tana farawa ne idan harafin da aka sa don ajiye bayani ya rikiɗa ya zama hukuncin rai da mutuwa. Kurciyar da aka ƙyanƙyashe bara a kan turken lantarki a Tekas ba ta san Nassau ba, kakanninta na nesa ne aka buɗe wa keji, su ɗin ma ba su suka fasa ƙofa ba. An ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a nan wani ne ya ɗebo, bakin kurciya ya ƙone.

Ko ta Turan ma, da ake cewa ta zo da fiffikenta, wa ya share mata hanya? Ba a samunta a tsakiyar kurmi ko a kan duwatsun da babu kowa. Tana bin ƙauye, da rumbun hatsi, da gonar kaji, da lambun bayan gida inda tsofaffi suke zuba wa tsuntsaye tsaba. Duk inda ta sauka, mutum ya riga ta sauka ya gyara wurin. Ɗaya an ɗauke ta a jirgi, ɗayar an shimfiɗa mata titi. Hannunmu yana cikin tafiyar duka biyun, layin da muke ja tsakanin abin da ya faru da kansa da abin da muka jawo ya fi siriri fiye da yadda takardun hukuma suke nunawa.

Amma kada tausayin kurciya ya rufe mana ido. Masu tsoron baƙin halittu ba mafarki suke yi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wani maciji mai hawa bishiya ya shiga tsibirin Guam a ɓoye cikin kayan jirgi, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ya cinye kusan dukkan tsuntsayen dajin tsibirin, wasu jinsunan sun ɓace daga doron ƙasa har abada. Shi ma macijin ba shi da laifi, ba shi ya sayi tikiti ba. Duk da haka wanda ya ce a ƙyale shi saboda rashin laifinsa ya yanke wa tsuntsayen Guam hukuncin kisa ne a fakaice. Rashin laifi bai hana abu yin ɓarna ba, kuma wani lokaci dole a kashe marar laifi don a ceci wani marar laifin. Abin da muke ƙi shi ne a tsallake bincike. Tambayar da ta dace a yi wa baƙo ita ce me ya yi, wa ya cutar, nawa ne girman cutar. Tambayar daga ina ya zo ta fi sauƙi, shi ya sa ake yawan fakewa da ita.

Idan aka yi wa mai sarƙa tambayar farko, amsar ba ta da tsauri kamar sunan da aka laƙaba mata. Gaskiya ne tana iya ɗauke da cututtukan da suke kama tattabaru da sauran kurciyoyi, gaskiya ne kuma tana cin hatsi a wuraren kiwo. Sai dai binciken da aka yi a Fulorida da bayanan masu zuba wa tsuntsaye abinci a gidajensu bai nuna ta kori kurciyoyin ƙasar ba, a wurare da yawa ma an same su tare suna ci. A sa mata ido, wannan daidai ne. A yanke mata hukunci tun kafin a ga ɓarnar, wannan kuma wani abu ne daban.

Manominmu ya san wannan ba tare da littafi ba. Tsuntsun da ya fi kowane lalata gero da dawa da shinkafa a Yobe da Jigawa da Borno shi ne jan-baki, kuma jan-baki ɗan gari ne, kakanninsa sun riga kakanninmu zama a nan. Darbejiya kuwa, da muke shimfiɗa tabarma a inuwarta, da kurciyoyinmu suke sheƙa a rassanta, baƙuwa ce daga ɓangaren Indiya, a zamanin Turawan mulki aka kawo ta. Babu wanda yake neman takardar asalinta kafin ya zauna. Babu kuma wanda yake yafe wa jan-baki don ɗan ƙasa ne. A gona muna auna halitta da aikinta. Sai mun dawo cikin gari, wajen 'yan'uwanmu mutane, muke sauya ma'auni.

Ba mu ce mutum tsuntsu ne ba, kuma kwatancen yana da haɗari ta kowane ɓangare. Amma kalmomin iri ɗaya ne: sun yi yawa, sun mamaye, ba 'yan nan ba ne. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawan zango da Yarabawan da wasunsu a can aka haife su suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan guda suka nufi iyaka da jakunkunan da har yau sunan wannan kora yake manne da su. A duka biyun an tarbi na farko da hannu biyu lokacin da ake neman ma'aikata da 'yan kasuwa, an kuma tuna cewa baƙi ne lokacin da tattalin arziki ya karye. A harshenmu ma, idan mutum ya bar gida ya yi ta tafiya ba waiwaye, cewa muke an yi masa kurciya, kamar dai barin gari ba zai taɓa zama shawarar mai hankali ba sai da asiri. Alhali da yawa daga cikin garuruwan da muke tinƙaho da su wani matafiyi ne ya fara kafa bukka a wurin.

Akwai wata kurciyar da labarinta ya bi hanyar da ta saba wa ta mai sarƙa, kuma wannan ta shafe mu kai tsaye. Ita ce Streptopelia turtur, mai zanen ja da baƙi a fiffike, wadda take hayayyafa a Turai ta tsallako Sahara ta yi hunturu a wajenmu, daga Senegal da Mali zuwa fadamun Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi. A 1970 ana ƙiyasta akwai ma'aurata kusan 125,000 a Birtaniya. Ƙidayar 2021 ta samu kimanin 2,100. Maganin ciyawa da noman zamani sun kawar da 'ya'yan ciyayin da take ci, mafarauta suna jiranta a hanya a ƙasashen bakin Bahar Rum, itatuwan da take kwana a kansu a nan Sahel suna komawa gawayi. Lokacin da take da yawa babu wanda ya yi tafiyar awa biyar don ganinta. Yanzu da ta kusa ƙarewa ana ɗaura mata na'urar bin sawu, ana biyan manoma su shuka mata abinci, har Faransa da Sifaniya da Fotugal suka dakatar da farautarta a 2021. Amurkawa sun riga kowa ɗanɗana wannan. Suna da wata tattabarar daji da garkenta yake rufe rana idan ya taso, ana lissafa ta da biliyoyi, ana loda gawarta a jirgin ƙasa zuwa kasuwa. Ta ƙarshe ta mutu a keji a gidan namun daji na Cincinnati ranar 1 ga Satumba, 1914.

Idon da ba ya ganin abu sai ya yi ƙaranci kullum a makare yake isowa. Saboda haka mai kallon da muka fi girmamawa ba shi ne wanda ya ruga ya ga ta farko a Norfolk ba. Shi ne wanda yake fita kowace Asabar ya rubuta kurciya bakwai, hasbiya uku, bardo ɗaya, shekara da shekaru, ba wanda ya tafa masa. Ƙidayar tsuntsaye ta lokacin Kirsimeti a Amurka tun 1900 ake yin ta da irin waɗannan mutane, manhajar eBird da aka buɗe a 2002 su ne suke cika ta, haka ma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos take jagoranta da 'yan sa kai masu amfani da wayoyin hannunsu. Daga irin wannan rubutu marar armashi ne ake gane ranar da bakwai ta koma biyar, da ranar da wata ta takwas ta bayyana wadda kukanta ya bambanta. Taswirar cikin littafi ba komai ba ce illa tarin abin da suka gani zuwa ranar da aka kai littafin maɗaba'a, kurciya kuwa ba ta taɓa sa hannu a kanta ba.

Kuma tafiyar mai sarƙa ba ta ƙare ba. A shekarun 1980 ta tsallaka zuwa Maroko, a shekarun 1990 ta kafu a Aljeriya, ta bi garuruwan dabino ta nutsa cikin Sahara, an kuma gan ta a Muritaniya. Hanyar da manyan motoci suke bi da buhunan hatsi ita take bi. Idan ta sauko Agadas ko Damagaram ko Nguru, za ta tarar da 'yar'uwarta ta Sahel zaune a kan waya, kusan launi ɗaya, sarƙa ɗaya a wuya. Wanda zai raba su sai ya leƙa ƙarƙashin wutsiya ya ga toka ne ko fari, ko kuma ya tsaya da asuba ya ƙirga kukan: tamu tana farawa da ɗaya ta ja na biyu da gurnani, baƙuwar kuwa sau uku take yi, na tsakiya ya fi tsawo.